Ƙararrawa mai ido a ƙofar zaure

Gidajenmu na Matameye ba a gina su da ƙararrawa ba. In baƙo namiji ya zo, a bakin zaure yake tsayawa ya ɗaga murya ya yi sallama. In ba a amsa ba, ya tari yaron da ya fara giftawa ya ce masa, "Shiga ka ce ana sallama da mai gida." Mace kuwa da sallamarta take shigewa har tsakar gida. Wannan tsari ba ya cin wuta, ba ya neman intanet, yaro kawai yake bukata. To amma yaran nan yanzu mu malamai ne muke tsare su a aji tun safe har rana ta take, shi ya sa da hantsi za ka iske unguwa tsit, daga tsofaffi sai awaki.

Ina da maƙwabci dattijo, tsohon ɗan kasuwar rake, wanda kunnensa ya yi nauyi. Uwargidansa na jin sallama sarai, amma ciwon gwiwa ba ya barinta ta taso da wuri. Jikarsu ɗaya da ke gidan tana kwaleji. Sau biyu ɗan'uwansa na tasowa daga Kance ya yi ta sallama har ya gaji ya juya, wata rana kuma aka shiga zauren da rana tsaka aka ɗauke buhun wake. Da labari ya kai wa ɗansa da ke New York, sai ya ba wani mai zuwa gida saƙon ƙararrawa irin ta zamani, mai kamara a goshi, wadda in an danna ta mutum yake ganin wanda ke ƙofa a salularsa har ya yi magana da shi. Irin wannan na'ura ba ta daɗe a duniya ba. Kamfanin Ring, wanda ya fi yin suna da ita, a 2013 ya fara, Amazon ta saye shi a 2018. Ta Alhaji ba tasu ba ce, amma duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Ni fizik nake koyarwa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe wannan darasi a gari irin namu ya san hukuncinsa: kowace tocila da ta mutu a unguwa kai za a kawo wa. Ko da aka aiko kirana, wani saurayi mai haɗa wuta ya riga ya ja waya tun daga soket ɗin ɗakin Alhaji har ƙofar zaure, ya bi da ita jikin bango an shafe da siminti. Saura ya ɗaura bakinta biyu a sukurori biyu da ke bayan ƙararrawar. Tsohon ɗalibina ne, ya ci BEPC, yaro mai ladabi da hannu mai kyau. Alhaji ne ya tsayar da shi, ya ce kayan da ya ƙetaro teku ba a yi masa gaggawa.

"Malam, ai ba wani aiki ba ne," in ji shi. "Waya biyu ce, ga sukurori biyu."

Na ce ya juya ta ya karanta mini abin da aka rubuta a baya. Ya karanta ba gargada: 16-24 V AC. Sannan ya ɗago ya dube ni yana jiran in faɗi abin da ya sa na sa shi karatu. Wannan kallon ne ya sa nake wannan rubutu. Yaron nan ya san harafin V, ya rubuta shi ya fi sau ɗari a takardar jarrabawa. Ya san wutar da NIGELEC ke kawowa gidajenmu bolt 220 ce. Amma lambar da ke bayan na'ura da lambar da ke cikin soket ba su taɓa gamuwa a kansa ba. Da ya ɗaura wayar nan, wutar da ta ninka abin da na'urar ke ɗauka kusan sau goma ce za ta shige ta. Ƙonewarta ma ƙaramar asara ce. Babbar ita ce bolt 220 a jikin wani ɗan akwatin roba da aka kafa dab da ƙofar ƙarfe, daidai inda yara ke kai hannu, ga damina na zuwa.

Ban ga laifinsa sosai ba, don cajar salula ce ta ɓata mu duka. Ɗauki kowace caja ka duba, za ka ga an rubuta 100-240 V. Ma'ana an yi ta ne ta karɓi wutar kowace ƙasa, ta Amurka mai 120 da tamu mai 220. Shekara da shekaru muna cusa caja daga Dubai, daga Sin, daga ko'ina, tana aiki, har muka ɗauka duk abin da ya zo a kwali haka yake.

Ƙararrawar nan kuwa an yi ta ne don wani irin gida daban. A Amurka gidaje da yawa tun wajen gini ake sa musu ƙararrawa, da wata ƴar taransifoma a ɓoye wadda ke sauke wutar gida daga 120 zuwa wajen 16, da siririyar waya da ta taho har bakin ƙofa. Mai gida in ya sayi ta zamani, tsohon maɓalli kawai yake cirewa ya ɗaura sabuwa a kan wayoyin da ya tarar. Shi ya sa ba a sa taransifoma a kwalin ba, an ɗauka kowa na da ita a bango. Ɗan Alhaji da aka yi wa bayani bai yi ƙasa a gwiwa ba, bayan wata guda sai ga taransifoma ya aiko. Aka kawo mini, na miƙa wa mai haɗa wutar ban ce komai ba. Wannan karon da kansa ya juya ta, ya ce, "Malam, wannan ma 120 take ci." Haka ne. Taransifomar da aka naɗa don 120 in ka ba ta 220, za ta yi gunji ta yi zafi ta ƙone, kafin ta ƙone kuma tana tura wa na'ura kusan ninkin abin da ya kamata. Tana nan a kan tagar Alhaji ana danne takardu da ita.

Wani ya kawo shawarar a ɗauki wuta daga batirin sola, tunda Alhaji na da ƙaramin faranti da ke ba shi fitila da fanka. Shawara ce mai kama da hankali, amma ta ci karo da abu biyu. Batirin bolt 12 ne, bai kai 16 ba. Sannan haruffan AC da ke bayan lambar ba ado ba ne. Wuta iri biyu ce: akwai mai kai da komowa, irin ta soket, wadda a ƙasarmu take juyawa sau 50 a daƙiƙa, ita ce AC, alamarta wani ɗan lanƙwasasshen layi. Akwai mai bin hanya ɗaya, irin ta batir, ita ce DC, alamarta miƙaƙƙen layi da ɗige-ɗige a ƙasa. Wasu ƙararrawoyin suna karɓar duka biyu, wasu ɗaya kawai, kuma ba mai gaya maka sai rubutun jikinsu da ƴar takardar da ke cikin kwali, wadda mu mun saba da ita ake fara kunna gawayi.

Daga ƙarshe a kasuwar Dole ta Damagaram aka samo taransifoma mai cin 220 ta ba da 16. Na so a sake waya, don tun ranar farko siririntarta ba ta kwanta mini ba, amma Alhaji ya ce an riga an shafe bango, a gwada tukuna. Aka sa taransifomar a ɗakinsa, aka ɗaura doguwar wayar, fitilar ƙararrawa ta kama. Aka sayi ɗan akwatin intanet mai cin layin salula aka rataye a zaure, domin katangar ƙasa mai kauri da ƙofar ƙarfe ba sa barin sigina ta wuce daga cikin gida. Ranar ɗan ya ga mahaifinsa tsaye a ƙofar gidansu, da hula da carbi, suka gaisa. Uwargida sai da aka riƙo ta ta fito ita ma.

Kwana biyu sai ga sabon zance. Da rana lafiya lau, amma da an yi sallar magariba sai ta ɗauke, ta kama, ta ɗauke, wani lokaci sai gari ya waye. Matasan da ke shan shayi a gindin bedi suka ce ai abin a fili yake, na'urar Nasara ce ta ga abin da ba a gani da dare ta tsorata. Mai haɗa wuta ya ce sigina ce. Ɗan Alhaji ya ce a mayar masa ya canzo wata.

Nan ne aikin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Na ɗauko mitar gwaji ta makaranta, na ce jikar Alhaji ta zo da littafi da biro, tunda aji na uku take, shekarar BEPC. Muka auna wuri uku da azahar, muka sake auna su bayan magariba: bakin soket, bakin taransifoma, da bayan ƙararrawa. Da azahar soket na ba da kusan 220, taransifoma 16, ƙofa kuwa 14 da ɗoriya. Bai kai abin da aka rubuta ba, amma tana lallaɓawa. Bayan magariba, lokacin da duk gari ya kunna fitilu da fanka da talabijin, soket ya sauka zuwa 180. Na tambayi yarinyar me taransifoma za ta bayar. Ta yi shiru, sannan ta tuna cewa taransifoma ba ta ƙirƙirar wuta, rabawa take yi daidai da yawan naɗinta, in abin da ya shiga ya ragu abin da zai fita ma ya ragu. Ta buga 16 sau 180 ta raba da 220, ta samu 13. Muka ɗora mita, 13 ɗin ce. Na ga yadda ta dubi mitar ta dubi littafinta.

Saura mu gano inda sauran ke zubewa, don a ƙofa abin da muka samu bai kai 10 ba. Daga ɗakin Alhaji zuwa zaure mita 30 ne, wuta kuma sai ta je ta dawo, ya zama waya mita 60. Muka kashe komai, muka haɗe bakin wayar a can ƙofa, muka auna turjiyarta daga ɗaki: om 8. Ya yi yawa ƙwarai. Mai haɗa wuta ya kankare guntun da ya rage da wuƙa, sai ga fari a ciki. Alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe a baya, irin wadda ta cika kasuwa don arha, kuma turjiyar alminiyam ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi. Ga ta siririya, ga ta doguwa. Abu na ƙarshe shi ne ita kamarar da duhu ya yi takan kunna wasu ƙananan fitilu da ido ba ya ganin haskensu, da su take gani da dare, sai cinta ya ƙaru zuwa wajen rabin ampiya. Dokar Ohm ke nan tsirara, wadda muke rubutawa a allo kowace shekara: om 8 sau rabin ampiya, bolt 4 sun tafi a cikin bango. Cire 4 daga 13, saura 9. Wato daidai lokacin da na'urar ta fi jin yunwa, lokacin ne gari ke rage mata abinci, waya kuma ta ci nata kason a hanya.

Gyaran bai ci kuɗi sosai ba. Aka ja waya mai kauri ta jan ƙarfe zalla aka kai soket cikin zaure, taransifoma ta dawo kusa da ƙofa a cikin akwati mai makulli, sama inda hannun yaro ba ya kaiwa, da fis a gabanta. Wayar ƙaramar wuta ta koma mita 3. Sannan muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo, irin waɗanda har yanzu suke naɗa waya da hannu, ya ƙara mata naɗi ta koma 20. Yarinyar ce ta zaɓi lambar, da lissafi: in wutar gari ta faɗi 180 za a samu 16 da ɗan kai, in ta hau 240 ba za a kai 22 ba, duka suna cikin iyakar da aka rubuta. Dattijon bai taɓa shiga aji ba, amma da ta gaya masa dalili sai ya gyaɗa kai ya ce haka yake yi wa amfilifayar masallatai.

In an ɗauke wuta kuwa, ba dabara, ita ma ta tafi. Wutar yankinmu ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma ba wanda ya manta watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka yi watanni ana rabon ta da awa, sai a 2024 ta dawo bayan an ɗage takunkumi. Wanda gidansa sola kawai gare shi, gara ya nemi irin mai batir a ciki, wadda ake cirewa a yi mata caji da cajar salula. Ita ma ya duba iyakar zafin da aka rubuta mata, don wasu a digiri 40 suka tsaya, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce haka, balle jikin ƙofar ƙarfe mai kallon yamma. Ta Alhaji mun yi mata ƴar rumfa da guntun kwano. Da hunturu kuma sai an riƙa goge mata ido, in ba haka ba kowa ya zo kamar a cikin hazo yake.

Da wuta ta daidaita ne muka lura da abin da ya fi ba ni dariya a duk lamarin. In baƙo ya danna, ƙarar a New York take tashi. Ɗan ne zai duba salularsa, sannan ya kira uwarsa ya ce, "Inna, ga Baffa na Kance a ƙofa," ita kuma ta taɓa Alhaji. Tsakaninmu da su awa biyar ne ko shida, gwargwadon lokacin shekara, saboda haka almajirin da ya zo bara da ƙarfe bakwai na safe, ƙarfe ɗaya ko biyu na dare yake tada bawan Allah. Ga ta kuma da aika saƙo duk lokacin da ta ga motsi, ita kuwa hanyar ƙofar Alhaji ta awaki ce da amalanke da ƴan talla. Kuɗin intanet na wata a mako guda ya ƙare. Sai da aka kashe mata faɗakarwar motsi, aka kuma samo ƴar ƙaramar ƙararrawa ta cikin gida da ke amsa mata ba tare da waya ba, mai ƙara da walƙiyar fitila. Mai haɗa wuta ya juya ta kafin kowa ya ce masa, ya ga 100-240 V, ya ce wannan bakin filogi kawai za a canza mata. A ganina da tun farko Alhaji aka tambaya, ƙararrawa mai ƙarfi da jan ƙwan fitila a ɗakinsa sun ishe shi. Kamarar ɗan ta yi wa magani, shi da ke kwana da tunanin tsofaffi biyu a bayan teku, kuma wannan ma bukata ce, ban raina ta ba.

Akwai abin da mita ba ta aunawa. Idon na'urar nan faɗi gare shi, yana ɗaukar har ƙofar gidan da ke kallon na Alhaji, kuma tana jin magana. Matan gidan can suka fara fita ta ƙofar baya. Mai gidan, mutum mai kawaici, sai da ya yi kwanaki kafin ya sami Alhaji bayan sallar asuba ya ce, "Alhaji, an ce abin nan naku har iyalina yake gani." Gaskiyarsa. A garin da namiji ba ya wuce zaure sai da izini, ga wani ido da ba ya ƙiftawa yana kallon shigar matan mutane da fitarsu, hoton kuma yana tafiya wata ƙasa ya zauna a kwamfutocin kamfanin da ba wanda ya san shi a nan. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, amma Alhaji bai jira doka ba. A ranar ya sa aka saka ɗan katako a gefe aka karkatar da ita ta koma kallon dakalinsa, aka shiga saitinta aka rufe ɓangaren da ke nuna ƙofar maƙwabci, aka kashe naɗar murya. Ya kuma kira mutumin ya nuna masa hoton a salula da idonsa, don gani ya kori ji.

Tun daga lokacin na ƙara abu ɗaya a darasina na lantarki. Nakan ce kowane ɗalibi ya zo da wani abu daga gida, caja ko rediyo ko tocila ko mataccen ƙwan fitila, mu karanta rubutun jikinsa: nawa yake ci, wace irin wuta, nawa yake fitarwa. Minti ashirin ne. A aji na farko da na gwada, yara kaɗan ne suka san akwai rubutu a jikin cajar da suke riƙewa kullum. Wata yarinya ta zo da abin gyaran gashi da aka kawo wa yayarta tsaraba, wanda ya yi hayaƙi ranar da aka fara kunna shi, har gida ya ɗauka hassada ce. Ta karanta 120 V da bakinta a gaban aji. Iyaye ma ba sai sun yi boko mai zurfi ba kafin su sa yaro ya karanta musu bayan kaya kafin a cusa a soket, musamman kayan tsaraba da na gwanjo da ke shigowa ta Ɗan Barto.

Kwanan baya wani daraktan makarantar firamare ya same ni, ya ce ya ji labarin ƙofar Alhaji, yana son irinta a ƙofar makarantarsa don a san wanda ke zuwa ɗaukar yara. Na ce masa ɓangaren wuta mai sauƙi ne, yanzu muna da mai haɗawa da mai naɗi da mai lissafi. Na tambaye shi salular wa za ta riƙa karɓar hoton ƴaƴan mutane, wa zai riƙe kalmar sirri in aka yi masa canjin wurin aiki, kwana nawa hoton zai yi kafin a goge, kuma wa zai biya kuɗin intanet in na watan farko ya ƙare. Ya ce zai kai maganar gaban kwamitin iyayen yara. Sun sa zama bayan an gama girbin gero.